Maki 110: Yadda kotunan New York ke auna ko mai laifin fyaɗe zai sake

A watan Janairun 2011, wata alƙaliya a birnin New York mai suna Ruth Pickholz ta ji abin da ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba a zauren kotu. Lauyar gwamnati, wadda aikinta shi ne matsa wa mai laifi lamba, ita ce ta miƙe tana roƙon a sassauta wa attajirin nan Jeffrey Epstein, a saka shi a mataki na 1, wato rukunin waɗanda ake ganin da wuya su sake aikata laifin lalata. Alhali kwamitin ƙwararru na jaha ya riga ya lissafa masa maki 130, abin da ya kai shi mataki na 3, mafi haɗari.

A jahar Florida aka yanke wa Epstein hukunci a 2008, amma da yake yana da gida a New York, dole ne a saka sunansa a rajistar masu laifin lalata ta can ma. Hujjar lauyar ita ce yarinya guda kawai aka gina tuhumar a kanta, sauran ƴan matan da suka yi wa ƴan sanda bayani ba a kai maganarsu gaban shari'a ba. Alƙaliyar ta ƙi. Ta saka shi a mataki na 3, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a cikin shekarar, daga baya kuma ofishin mai shigar da ƙara ya amsa cewa kuskure aka yi. A watan Yulin 2019 aka sake kama Epstein bisa zargin safarar ƴan mata, ya mutu a gidan kaso a watan Agusta.

Zaman na 2011 ba shari'ar laifi ba ce, domin an riga an gama wannan. Tambayar da ke gaban kotu wata ce daban, kuma ta fi wuya: mutumin da ya gama ɗaurinsa ya fito, shin zai sake? Ana yin irin wannan zama a kai a kai a kotunan jahar, akasari a kan mutanen da ba su da kuɗin Epstein ko lauyoyinsa. Ga ƴan Nijar da sauran ƴan Afirka ta Yamma da ke zaune a unguwannin Bronx da Harlem, wannan tsari ne ke yanke wanda hotonsa zai fito a intanet idan uwa ta bincika unguwarsu, da wanda ba zai fito ba.

Daga ina rajistar ta samo asali

A ranar 29 ga Yulin 1994, wani maƙwabci ya yi wa Megan Kanka, yarinya mai shekara 7, fyaɗe ya kashe ta a jahar New Jersey. Sau biyu a baya an taɓa samunsa da laifin lalata da yara, kuma iyayenta sun ce da sun san haka da ba su bar ta ta kusanci gidansa ba. Cikin ƴan watanni jahar ta yi doka da sunan yarinyar. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar tarayya da ta tilasta wa kowace jaha sanar da jama'a labarin irin waɗannan mutane. Dokar New York ta fara aiki a watan Janairun 1996.

Nan da nan matsala ta bayyana. Sunan laifin ɗaya ne, masu aikata shi kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya yi wa yara da dama fyaɗe da wuƙa a hannu, akwai saurayin da ya kwana da budurwar da ba ta kai shekarun da doka ta amince da su ba. Idan aka zuba su a kwando ɗaya, ƴan sanda ba za su san wanda za su fi sa wa ido ba. Shi ya sa New York ta kasa su matakai uku, ta kuma ɗora wa kotu alhakin tantancewa.

Takardar maki

Kafin fursuna ya fito, kwamiti mai mutum 5 da gwamna ke naɗawa yana duba fayil ɗinsa, ya cika wata takarda mai tambayoyi 15. Kowace amsa tana da maki. Wanda ya samu 70 ko ƙasa da haka yana mataki na 1. Daga 75 zuwa 105 mataki na 2. Daga 110 har zuwa 300, wanda shi ne ƙarshe, mataki na 3.

Fiye da rabin makin, wato 175 cikin 300, daga laifin kansa suke fitowa. Amfani da ƙarfi maki 10 ne, ji wa wadda aka zalunta rauni 15, riƙe makami 30. Taɓawa ta saman tufafi 5, ta ƙarƙashin tufafi 10, saduwa 25. Idan mutum biyu aka cutar 20, uku ko fiye 30. Idan yarinyar ko yaron na tsakanin shekara 11 da 16, maki 20. Idan 10 ne ko ƙasa, ko kuma tsohuwa ce mai 63 zuwa sama, 30. Idan baƙo ne gare ta, ko kuma ya ƙulla alaƙa da ita musamman don ya cutar da ita, 20. Sauran makin sun shafi tarihinsa da halinsa: laifukan da ya yi a baya, shan giya ko ƙwaya, zamansa a gidan kaso, ko ya amsa laifinsa, da kuma inda zai sauka idan ya fito.

A ɗauki misali. Matashi mai shekara 24, bai taɓa shiga hannun hukuma ba, ya haɗu da yarinya mai shekara 15 ta intanet ya sadu da ita. Saduwa 25, shekarunta 20, baƙunta 20. Maki 65 ke nan, mataki na 1. Idan fayil ɗinsa ya nuna yana shaye-shaye, an ƙara 15, ya koma 80, ya shiga mataki na 2. Idan ya ci gaba da cewa shi bai yi laifi ba, 10. Idan abin ya maimaitu a tsawon lokaci, wasu 20. Ya kai 110, ya faɗa mataki na 3, ba tare da wuƙa ko duka ba.

Akwai wuraren da lissafin ke ɗaure kai. Fursunan da ya cinye wa'adinsa kaf ya fito babu jami'in da ke sa masa ido, ana ƙara masa 15, ko da ba shi ya zaɓi hakan ba. Wanda kuma yake ɗaukaka ƙara yana cewa ƙazafi aka yi masa, yana tsakanin wuta biyu: ya amsa laifi ya raunana ƙararsa, ko ya musanta ya kwashi maki.

Bayan lissafi akwai abubuwa huɗu da ke kai mutum mataki na 3 kai tsaye, komai ƙanƙantar makinsa: idan an taɓa ɗaure shi kan babban laifin lalata, idan ya yi mummunan rauni ko kisa, idan kwanan nan ya yi barazanar zai sake, ko kuma idan likitoci sun tabbatar yana da wata larura da ke hana shi kame kansa.

Ranar zama

Shawara kawai kwamitin ke bayarwa, alƙali ke da ta cewa. Mutumin yana da ƴancin halartar zaman, da ƴancin lauya, kuma idan ba shi da hali gwamnati ce za ta ba shi. Nauyin kawo hujja a kan lauyan gwamnati yake, kuma dole hujjar ta zama bayyananniya mai gamsarwa, ko da yake ba ta kai tsananin wadda ake nema kafin a ɗaure mutum ba. Babbar kotun jahar ta amince a 2009 cewa ana iya dogara da rubutattun bayanai masu inganci, kamar rahoton jami'an gidan kaso da abin da wadda aka zalunta ta faɗa, ko da ba ta zo kotu ba. A nan ne hujjar lauyar da ta nema wa Epstein sassauci ta rushe: rashin gurfanar da shi kan sauran ƴan matan bai hana a ƙirga su ba.

Alƙali na iya hawa sama da abin da maki ya nuna, ko ya sauka ƙasa. A 2014 babbar kotun ta shimfiɗa yadda za a yi hakan. Da farko a duba ko akwai wani dalili da takardar ba ta yi la'akari da shi yadda ya kamata ba, sannan a tabbatar dalilin gaskiya ne a kan wannan mutumin, a ƙarshe alƙali ya auna komai ya yanke. Tsufa da rashin lafiya mai tsanani, ko ƙwazo na musamman a shirin gyaran hali, suna cikin abin da lauyoyi ke kawowa don neman sauƙi. A wannan gaɓar ne ake ganin bambancin mai lauya ƙwararre da ya ɗauko likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta rahoto, da wanda lauyansa ke ɗauke da fayil ɗin mutane da yawa a rana ɗaya.

Abin da lambar ke jawowa

Mai mataki na 1 zai zauna a rajista shekara 20, kuma sunansa ba ya fitowa a shafin intanet na jaha. Sai dai wanda ya san sunansa da wasu bayanansa ya buga waya ya tambaya. Mai mataki na 2 da na 3, hotonsa da adireshinsa da laifinsa suna nan kowa na gani, kuma rajistar ta har abada ce. Mai mataki na 2 zai iya neman a cire shi bayan shekara 30. Mai mataki na 3 kuwa, kowane kwana 90 sai ya je da ƙafarsa ya tabbatar wa ƴan sanda inda yake kwana. Wanda ya ƙi sabunta bayanansa ya aikata wani sabon babban laifi.

Matsuguni ya fi komai wuya. Dokar tarayya ta hana mai rajistar har abada zama a gidajen da gwamnati ke tallafa wa haya. Dokar jaha kuma ta hana masu mataki na 3 da ke sakin talala, da waɗanda suka cutar da ƴan ƙasa da shekara 18, kusantar makaranta da ƙafa 1,000, kimanin mita 300. A birni mai cunkoso irin New York, inda kusan kowace unguwa ke da makaranta, wannan ya rufe mafi yawan gidaje. Sakamakon haka akwai mutanen da lokacin fitarsu ya yi amma aka ci gaba da tsare su saboda ba su samu adireshin da doka ta yarda da shi ba. A 2022 mai shari'a Sonia Sotomayor ta Kotun Ƙolin Amurka, wadda ita kanta ƴar Bronx ce, ta rubuta cewa tsarin na tayar da babbar tambaya game da kundin tsarin mulki, duk da cewa kotun ba ta karɓi ƙarar ba.

Shin lissafin na faɗin gaskiya?

A nan ne gardamar take. An tsara takardar New York a tsakiyar shekarun 1990, kuma kusan yadda take a lokacin haka take har yanzu. A 2010 wani alƙali a Manhattan, Daniel Conviser, ya rubuta dogon hukunci yana sukar ta, yana cewa ta tsufa kuma wasu tambayoyinta ba su da alaƙa da sake aikata laifi. Babban ƙorafin masana shi ne takardar ta cakuɗa abu biyu: munin abin da mutum ya yi, da yiwuwar ya sake. Su biyun ba koyaushe suke tafiya tare ba.

A kwatanta da ma'aunin da ake kira Static-99, wanda Karl Hanson na Kanada da David Thornton na Ingila suka fitar a 1999, aka kuma gyara shi a 2009. Su ba su fara da tambayar wane laifi ne ya fi muni ba. Sun bibiyi tsofaffin fursunoni, suka duba waɗanda suka sake, sannan suka nemo abin da ya haɗa su. Tambayoyi 10 suka rage. Daga ciki akwai yawan laifukan lalata na baya, ko wanda aka cutar baƙo ne, ko namiji ne, da ko mai laifin ya taɓa zama da mace ko abokin zama na tsawon shekara biyu a gida ɗaya. Shekaru na da nauyi sosai: wanda ya fito yana ƙasa da 35 ana ƙara masa maki ɗaya, mai 40 zuwa 59 ana rage masa ɗaya, mai 60 zuwa sama ana rage masa uku. Takardar New York ba ta rage wa tsoho komai.

Wani abin da ma'aunin ya nuna ba ya daɗin ji: uban da ya lalata ƴarsa, wanda jama'a ke ganin ya fi kowa muni, a lissafi ba shi ne aka fi sake kamawa ba. Wanda ke bin baƙi, ko mai nuna tsiraicinsa a bainar jama'a, sun fi shi dawowa hannu. Kuma ko wannan ma'aunin ba duba ba ne. Abin da yake faɗa shi ne, cikin mutum ɗari masu irin wannan maki, kaza ne suka sake. Ba zai iya nuna wane ne a cikinsu ba.

Gwamnatin tarayya ta bi wata hanya ta uku. Dokar Adam Walsh, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2006, ta kasa mutane rukuni uku bisa sunan laifin da aka ɗaure su a kai kawai: shekara 15, shekara 25, ko har abada. Babu zama, babu auna mutum. Bincike a jahohi da dama ya nuna waɗannan rukunan ba sa hasashen wanda zai sake, kuma New York na cikin jahohin da ba su koma kan tsarin ba.

Alƙaluman da ake ja a kansu

A 2003, lokacin da Kotun Ƙoli ta halasta rajistar jahar Alaska, ta bayyana haɗarin sake aikata laifi a tsakanin waɗannan mutane da cewa mai yawa ne kuma abin tsoro. Kotuna da yawa sun ɗauki kalaman suna maimaitawa. A 2015 wasu masu bincike biyu, Ira da Tara Ellman, suka bi diddigin adadin kashi 80 cikin ɗari da aka jingina maganar a kai, suka tarar asalinsa wani rubutu ne a mujallar Psychology Today ta 1986, wanda babu wani bincike a bayansa.

Alƙaluman ma'aikatar shari'ar Amurka sun sha bamban. Cikin mutum 9,691 da aka saki a jahohi 15 a 1994, kashi 5.3 cikin ɗari aka sake kamawa da laifin lalata cikin shekara uku. Cikin waɗanda aka saki a jahohi 30 a 2005, kashi 7.7 aka sake kamawa da fyaɗe ko makamancinsa cikin shekara tara. Sai dai kar a yi saurin murna da waɗannan lambobi. Kamu suke ƙirgawa, kuma mafi yawan fyaɗe ba ya kaiwa gaban hukuma, a Amurka ko a Maraɗi. Kunya, tsoron surutu da matsin dangi na rufe bakin mutane da yawa. Adadin gaskiya ya fi na takarda.

Binciken Hanson da abokan aikinsa na 2014 ya ƙara wani abu da dokokin har abada ba su kula da shi ba. A rukunin da aka fi jin tsoro, kashi 22 cikin ɗari sun sake cikin shekara biyar na farko. Amma waɗanda suka yi shekara goma a waje ba su sake ba, haɗarinsu ya sauka zuwa kimanin kashi 4. A New York mutum na iya neman a rage masa mataki sau ɗaya a shekara, sai dai a wannan karon nauyin hujja ya koma kansa.

Ga iyaye kuwa, abin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ba ya cikin rajistar. Wani bincike da aka wallafa a 2008 kan bayanan New York na shekara 21 ya gano cewa fiye da kashi 95 cikin ɗari na kamun da aka yi kan laifin lalata, mutane ne da ba a taɓa samunsu da irin wannan laifi ba. Rahoton ma'aikatar shari'a na 2000 kuma ya nuna cewa cikin yaran da aka cutar, kashi 7 kawai baƙo ne ya cutar da su. Kashi 34 ɗan uwa ne, kashi 59 wanda suka sani. Uwar da ta duba shafin ta ga babu kowa a layinsu, ta san abu ɗaya ne kawai: babu wanda aka riga aka kama aka kuma saka a mataki na 2 ko na 3.

A buɗe ko a rufe

Ba kowace ƙasa ce ta yarda a baza sunaye ba. Faransa, wadda dokokin Nijar suka ɗauko tushe daga gare ta, ta kafa nata kundin da dokar 2004, amma alƙalai, jami'an tsaro da wasu hukumomin da ke tantance masu aiki da yara ne kawai ke iya dubawa. Masu goyon bayan rufewa suna kafa hujja da abin da ya faru a jahar Maine ta Amurka a watan Afrilun 2006, inda wani matashi ya samo adireshin mutum biyu daga shafin rajista ya bi su gida ya harbe. Najeriya ta zaɓi buɗewa: a watan Nuwamban 2019 ta ƙaddamar da rajistar ƙasa a ƙarƙashin hukumar NAPTIP, bisa dokar hana cin zarafi ta 2015, inda ake wallafa sunayen waɗanda kotu ta samu da laifi.

Ga ɗan ci-rani, lissafin ya fi tsauri. A New York shekarun amincewa 17 ne. Mai shekara 21 ko fiye da ya sadu da wadda ba ta kai 17 ba ya aikata babban laifi, ko ta yarda, ko iyayenta sun yarda, ko ta ce masa ta girmi haka. Tun 2021 jahar ta haramta auren wanda bai kai 18 ba kwata-kwata. A dokar shige da fice, fyaɗe da lalata da ƙaramin yaro suna cikin laifukan da ke sa a kori baƙo daga ƙasar bayan ya gama ɗauri, ko da yana da katin zama na dindindin. Wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa ba za a kore shi ba, amma idan laifin ya shafi yaro, dokar 2006 ta hana shi neman takardar kawo matarsa ko ƴaƴansa daga gida, sai in hukuma ta gamsu babu wani haɗari gare su. Wata doka da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2016 kuma ta sa ana buga sanarwar laifin a cikin fasfonsa, ana kuma iya sanar da ƙasar da zai je kafin jirginsa ya sauka.